Wuridi da Neman Basira a Karkarar Arewacin Kano

1.0 Gabatarwa

Mafi yawan abin da aka rubuta game da ɗariƙun Sufaye a ƙasar Kano ya tsaya ne a cikin ganuwa. Littafin John Paden na shekarar 1973 da na Roman Loimeier na 1997, waɗanda manazarta suke yawan komawa gare su, sun fi karkata ga fadar sarki da zawiyyoyin birni da manyan shehunai da alaƙarsu da siyasa. Wannan ba abin zargi ba ne, domin a birni ne littattafai da wasiƙu da ijazoji suka taru. Amma ɗimbin masu jan carbi safe da yamma ba a Sanka ko Kabara ko Zangon Barebari suke kwana ba. Manoma ne na ƙasar Dawakin Tofa da Minjibir da Bichi da Bagwai da Ɗambatta da Makoɗa, wato arewacin yankin nan mai cunkoson jama'a da Michael Mortimore da J. Wilson suka bayyana a 1965, inda gona take manne da gona, ake nome ta kowace damina ba tare da an bar ta ta huta ba, gidaje kuma suke warwatse a tsakanin gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya.

Mutumin da cinsa da shansa suka rataya a kan daminar wata huɗu ba shi da lokacin ɓatawa. Duk da haka yakan keɓe wani yanki na safiyarsa da yammacinsa, ya zauna yana maimaita kalmomi ƙididdigaggu, ya kuma ɗauki alkawarin ba zai bari ba har ƙarshen rayuwa. Idan aka bi maganganun masu wannan ibada game da abin da suke nema bayan lada da gafara, kalmomin da suke yawan fitowa su ne buɗi da basira da hasken zuciya, wani lokaci kuma ma'arifa. Wannan maƙala ta duƙufa ne a kan yadda wuridin yau da kullum yake zaune a cikin ranar manomi, da irin hikimar da ake sa rai daga gare shi. An fi dogara da tsarin Tijjaniyya saboda ƙa'idojinta na lokaci da adadi a rubuce suke dalla-dalla. An kuma leƙa al'adar mabiya addinin Buddha na ƙasar Tibet, waɗanda su ma suke da lafuzzan da ake maimaitawa kullum domin neman hikima, don kwatancin ya fito mana da abin da sabo ya hana mu gani a gida.

2.0 Kalmomin da Bahaushe ya ara

Kalmar wuridi ta samo asali ne daga Larabci, inda tushenta yake nufin gangarowa mashaya, kamar yadda garke yake zuwa bakin ruwa a lokacin da ya saba. Daga nan aka ara ta ga rabon karatu ko ambaton Allah da mutum ya ɗora wa kansa kullum. Lazimi yana nufin abin da ya zama dole, wanda ba a rabuwa da shi, wazifa kuwa aikin da aka yanka wa mutum. Abin lura shi ne, a cikin waɗannan kalmomi uku babu wadda take magana a kan tunani ko natsuwa. Dukkansu a kan lokaci da wajibi suke magana.

Wannan yana da muhimmanci ga masu fassara. Sau da yawa idan aka zo fassara kalmar Turanci da ake kiran irin ibadar zaman shiru ta mutanen Asiya da ita, sai a ce "zuzzurfan tunani". Fassarar ba ta cika ba, domin mai irin wannan zama yakan yi ƙoƙarin rage kai-kawon tunani ne. Malaman zaure suna da kalmomin da suka fi kusa, irin su muraƙaba da halartar zuciya, sannan tafakkuri ga abin da yake tunani ne na gaske.

Aikatan da Bahaushe yake haɗawa da waɗannan sunaye su ma suna da abin faɗa. Ana jan wuridi kamar yadda ake jan carbi. Ana karɓar ɗariƙa daga muƙaddami, ana ɗaukar wuridi, idan ya kuɓuce a rama shi kamar yadda ake rama salla. Abin da ake karɓa amana ne, abin da ake ɗauka kaya ne, abin da ake ramawa kuwa bashi ne. Tun daga harshe ke nan an gane cewa Bahaushe yana kallon wuridi a matsayin nauyi da wani ya ɗora masa da yardarsa.

3.0 Yadda ɗariƙa ta isa karkara

Ƙadiriyya ce ta riga, ita ce kuma ɗariƙar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1754–1817). Tijjaniyya, wadda Shehu Ahmadu Tijjani (1737–1815) ya kafa, ta sami gindi a ƙasar Hausa bayan zaman da Alhaji Umaru Futi ya yi a Sakkwato a shekarun 1830. A Kano ta bunƙasa a zamanin Sarki Abbas (1903–1919), sannan a hannun almajiran Malam Muhammadu Salga. Haɗuwar Sarki Abdullahi Bayero da Shehu Ibrahim Inyass (1900–1975) a aikin hajjin 1937 ita ce ta buɗe ƙofar abin da aka sani da faila, wadda ta mayar da ɗariƙar ta jama'a baki ɗaya. A ɓangaren Ƙadiriyya, Shehu Nasiru Kabara (ya rasu a 1996) ya farfaɗo da ita da zikirin bandiri da maukibin shekara-shekara.

Hanyar da ta kai waɗannan ga ƙauyuka ita ce tsohuwar hanyar da take haɗa birni da karkara: ɗalibin da yake shiga birni da rani ya koma gona da damina, da falke, da mai kai gyaɗa, da malamin da asalinsa na ƙauye ne. Misali sananne shi ne Malam Muhammadu Rabi'u Ɗantinki, mahaifin Halifa Isyaka Rabi'u (ya rasu a 2018), wanda ya fito daga ƙasar Bichi.

4.0 Wuridi a cikin ranar manomi

Lazimin Tijjaniyya istigfari ne ɗari, da salatin Annabi ɗari, an fi son ya zama Salatul Fatihi, da hailala ɗari. Ana yin sa sau biyu a rana. Mutum shi kaɗai yake yi, a asirce, da alwala, a zaune yana fuskantar alƙibla, ba ya kuma magana sai da larura. Ga wanda bai yi gaggawa ba yakan ɗauki kimanin minti goma sha biyar zuwa ashirin.

Wurin da ya kamata manazarci ya tsaya shi ne lokaci. Lazimin safe lokacinsa na zaɓi yana farawa daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, na larura kuma ya zarce har magariba. Na yamma daga bayan la'asar ne zuwa isha, na larurarsa har fitowar alfijir. An kuma yarda a gabatar da na safe a cikin dare. An tsara waɗannan ƙa'idoji, ba da tunanin daminar Kano ba, amma faɗin da yake cikinsu shi ne ya sa manomi ya iya riƙe su. Ranar da aka wayi gari da ruwan shuka, babu mai zama, domin laimar ƙasa ba ta jira. Haka nan lokacin noman farko da maimai, inda ciyawa take tsere da gero, kowa yana son ya ci rabin aikinsa kafin rana ta yi zafi. A irin waɗannan makonni mai wuridi yana da zaɓi uku: ya yi kafin asuba, ko ya yi tsakanin sallama da fitowar rana, ko kuma, idan gayya ce ko ƙwadago, ya jinkirta zuwa inuwar gawo ko tsamiya da azahar. Idan duk sun kuɓuce, sai ramuwa. Abin da babu shi a tsarin shi ne yafewa saboda aiki.

Nan ne bambancin zikiri mai ƙaidi da marar ƙaidi yake bayyana a aikace. Ba abin mamaki ba ne a ji mai huɗa ko mai korar jaki da mangalar taki yana hailala ƙasa-ƙasa, amma wannan ba ya ɗauke masa lazimi. Lazimi yana bukatar a ajiye fartanya. A ganina wannan ajiyewar tana cikin abin da ake koyo, domin a tsakiyar damina babu abin da ya fi wa manomi wuya kamar ya zauna alhali aiki yana kallonsa.

Wazifa kuwa ta jama'a ce. Istigfari talatin, Salatul Fatihi hamsin, hailala ɗari, Jauharatul Kamali goma sha biyu, aƙalla sau ɗaya a rana, a bayyane, da murya ɗaya, an kewaye farin ƙyalle da aka shimfiɗa a tsakiya. Jauhara tana da sharaɗin alwalar ruwa, wanda ya yi taimama sai ya musanya ta da Salatul Fatihi ashirin, hukuncin da yake da ma'ana a inda rijiya take ja da baya da bazara. Ranar Juma'a kuma akwai taron hailala tsakanin la'asar da magariba. A yankin da gidaje suke warwatse a cikin gonaki, wazifa tana daga cikin 'yan abubuwan da suke tara magidanta a wuri ɗaya kullum. Masallacin kansa sau da yawa ɗan ɗaki ne a ƙofar gidan malami ko mai unguwa. Bayan an shafa addu'a ake jin wanda ba shi da lafiya, da farashin takin zamani, da wanda zai ba da aron shanun huɗa.

Rani yana sauya tsarin ba tare da ya rushe shi ba. Mai tafiya cin rani yana tafiya da wuridinsa, kuma duk zawiyyar da ya tarar a Kano ko Kaduna ko Legas zai zauna a cikin da'irarta ba tare da an tambaye shi ɗan gidan wane ne ba. Masu noman rani a madatsun ruwa irin su Watari ta Bagwai da Tomas ta wajen Ɗambatta, su kuma ban ruwa ne yake yanka musu lokaci. Kaka da rani dai su ne lokacin karatu tun da can, saboda haka a cikinsu ne mai son ƙarin azkaru ko shiga halwa ya fi samun sarari.

Mata ma suna karɓar wuridi. Kasancewar kulle ya yaɗu har a karkarar Kano, kamar yadda Polly Hill ta nuna a littafinta na 1977, a cikin ɗaki suke yin lazimi da wazifa, tsakanin daka da girki da sana'ar cikin gida. Aikin Alaine Hutson ya haska matan Tijjaniyya na birni, na karkara kuwa har yanzu suna jiran mai bincike, kuma mace ce za ta fi iya wannan aiki.

5.0 Wace irin hikima?

Kalmar hikima takan rufe abubuwa da dama da ya kamata a rarrabe. Na farko shi ne kaifin ƙwaƙwalwa. Almajirin tsangaya mai neman hadda, da ɗalibin boko da jarrabawa ta tunkaro, sukan nemi laƙani daga malami, a ba su wani daga cikin sunayen Allah su ja da wani adadi. Adadin ba da ka ake yanka shi ba. Daga hisabin abajada yake fitowa, inda kowane baƙi yake da ƙimarsa: Alimu 150, Laɗifu 129, Fattahu 489. Wannan ba ya cikin wajibai na ɗariƙa, shehunai kuma suna gargaɗin kada a mayar da wuridi hanyar biyan bukata. Sai dai a bakin jama'a iyakar ba ta cika fitowa ba, duk ana ce musu wuridi.

Na biyu shi ne basira, kuma ita ce ta fi shafar zaman karkara. Ba mai ita ne yake shelarta ba, maƙwabta ne suke shaida ta. A ƙasar da gona take ƙara tsukewa da kowane rabon gado, inda layin gamba ko na lalle shi ne iyaka, ana bukatar mutumin da zai saurari ɓangare biyu bai yi gaggawar magana ba. Dattijon da aka shekara talatin ana gani a wazifa, damina da rani, maganarsa tana da nauyi a irin wannan zama ko da karatunsa bai yi zurfi ba. Hujjar jama'a mai sauƙi ce: wanda ya riƙe alkawarin da ba mai bin sa sai Allah, zai riƙe amanar iyaka. Ko wuridin ne ya haifar da halin, ko mai halin ne yake iya dawwama a kan wuridi, tambaya ce da ba ta da amsa ɗaya. Bahaushe dai ya ce yau da gobe ita take sa allura ginin rijiya.

Na uku shi ne ma'arifa, wato sanin Allah ta hanyar ɗanɗano. Nan ne faila ta zo da sabon abu. Kafin ita, ana ɗaukar wannan matsayi na ƙalilan ne daga waɗanda suka daɗe a hidimar shehi. Shehu Ibrahim, a littafinsa Kashiful Ilbasi da kuma a aikace, ya buɗe tarbiyya ga gama-garin muridai, ana ba su azkaru na musamman a ƙarƙashin kulawar muƙaddami har su kai ga abin da ake kira fatahi. Rüdiger Seesemann ya yi cikakken bayanin wannan a littafinsa na 2011. Tasirinsa a ƙauye babba ne, domin manomin da bai san nahawu ba yana iya zama wanda ake cewa ya samu, alhali malamin da ya sauke littattafai bai samu ba. Wannan ya girgiza tsohon matakin da ya ɗora malami a kan manomi, ya kuma jawo suka, musamman a kan furucin da yake kuɓuce wa wasu a cikin halin shauƙi.

6.0 Madubi daga Tibet

A addinin Buddha na Mahayana, Manjushiri shi ne alamar hikima. Ana zana shi da takobi a hannun dama, wanda yake yanke jahilci, da littafi a kan furen bado a hagu, dutsen Wutai na ƙasar Sin kuma shi ne wurin ziyararsa mafi shahara. A makarantun addini na Tibet, inda hadda da muhawara su ne ginshiƙin karatu, ɗalibai sukan maimaita lafazin da aka jingina masa da sassafe, su nanata gaɓarsa ta ƙarshe iya yadda numfashi ɗaya zai ɗauka, da fatan kaifin fahimta. Carbinsu ƙwaya 108 ne. Sukan kuma karɓi lafazi daga bakin malami wanda shi ma ya karɓa daga nasa malamin.

Wani abin sha'awa ga manazarcin Hausa shi ne asalin lafazin. An gina shi ne a kan gaɓoɓi biyar na farko na wani tsohon jerin baƙaƙe da ake kira Arapacana, wanda masana irin su Richard Salomon suka danganta da rubutun ƙasar Gandara, a arewacin Pakistan da gabashin Afganistan na yau. Ke nan jerin baƙaƙe ne ya zama mabuɗin neman hikima, kamar yadda abajada ta zama ma'aunin adadi a hannun malaman zaure. Kalmar da tsofaffin littattafan addinin Buddha suke kiran ibadar zama da ita, bawana, tana nufin rainon wani hali har ya tabbata, ma'anar da ba ta da nisa da tarbiyya.

Kamancin a siga yake, wato lokaci tsayayye da adadi da carbi da silsila. A manufa kuwa hanyoyin sun rabu tun daga tushe. Hikimar da mabiyin Buddha yake nema ita ce ya gane cewa babu abin da yake da zati mai zaman kansa, kuma addininsa bai ginu a kan Mahalicci ba. Mai wuridi yana ambaton Ubangiji ne da yake neman yardarsa, buɗin da yake jira kuma baiwa ce da ba ya ganin ƙoƙarinsa ne ya saye ta. Amfanin kwatancin shi ne ya nuna cewa izini ba ƙari ba ne a gefen ibadar. A al'adun biyu, lafazin da aka tsinta a littafi ba a ɗaukarsa daidai da wanda aka karɓa daga baki.

7.0 Saɓani da sauyi

A kan wannan izini da wannan adadi ne saɓanin zamaninmu ya fi tsananta. Tun daga littafin Shehu Abubakar Gumi na 1972 da kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, an soki ƙayyade adadin da bai zo a hadisi ba, da falalar da ake jingina wa Salatul Fatihi, da shimfiɗa ƙyalle. Malaman ɗariƙa sun mayar da martani a rubuce da a kaset. A ƙauyuka da dama sakamakon shi ne masallaci biyu a inda da guda ne. Amma ya kamata a lura cewa masu sukar ba su bar zikirin safe da yamma ba. Littafin Hisnul Muslim na Sa'id al-Ƙahɗani, wanda aka fassara da sunan Garkuwar Musulmi, yana hannun matasa da yawa, azkarun cikinsa kuma suna da lokaci da adadi. Gardamar a kan madogara take, da kuma wanda yake da ikon ba da lafazi.

Akwai kuma sauyin da ya shigo ba da gardama ba. Carbin Tijjaniyya ƙwaya ɗari ne, an raba shi da alamomi zuwa 12, 18, 20, 20, 18, 12. Duk wanda ya lissafa zai ga wazifa ce aka ɗaure a zare: alamar farko ita ce adadin Jauhara, ta biyu ta cika talatin na istigfari, ta uku hamsin na salati, ƙarshen zare kuma ɗari na hailala. Wanda bai iya karatu ba yatsunsa ne suke karanta masa, ko a cikin duhu, idonsa a rufe. Yanzu ɗan carbin lantarki da ake maƙalawa a yatsa ya cika kasuwannin karkara, yana da araha, ba ya kuma hana hannu aiki. Ya dace da zikiri marar ƙaidi, ga mai tafiya kasuwa ko mai jiran ban ruwa. Ga lazimi da wazifa kuwa yana bukatar a riƙa buɗe ido ana duba lamba, kuma ba ya gaya wa mai shi inda talatin ta tsaya.